A Naɗi Muryar Dattawan Gida Tun Suna da Rai

'Yan uwa, yawancin gidajen Kaduna asalinsu daga wasu garuruwa ne, domin garin ya bunƙasa ne bayan da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Mu da muka tashi a babban gida, a hirar tsakar gida muka san danginmu, amma yaranmu ba sa samun wannan yanzu.

Shawarata ita ce, idan an haɗu da Sallah, a zauna da kaka ko gwaggo, a naɗi muryarta a waya tana lissafa kakanni, garin da suka baro, da sana'ar da ta kawo su. A fara da mata, domin sun fi maza riƙe zancen auratayya. Daga baya a kwafe komai a littafi, saboda waya takan ɓace ko ta lalace.