Yadda nake sa mutum cikin hoton ginin zamani

In ka ɗauki ginin Sanate na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi kaɗai, wanda bai taɓa zuwa Zariya ba ba zai gane tsayinsa ba. Amma ɗalibi ɗaya ya gifta ta gindinsa da jaka a baya, nan take ido ya samu ma'auni. Shi ya sa ba na son hoton gini babu ɗan Adam a ciki.

Ginin nake fara daidaitawa, mutum ya zo daga baya. Ja da baya sosai, ka riƙe wayar a tsaye cak. Da zarar ka ɗaga bakinta sama don ginin ya shiga duka, bango zai karkace kamar zai faɗi ta baya. Kada ka taɓa maɓallin 0.5x na kyamarar waya mai faɗaɗa hoto, yana miƙe ƙafar wanda ke gefe har ya fita kamanninsa. Gara ka ƙara nisa ka sa 2x mai jawo abu kusa. Sai ka zaɓi gurbin da kake so mutum ya faɗo, bakin ƙofa ko matattakala ko tsakanin ginshiƙai biyu, ka tsaya ka jira.

Jiran nan shi ne aikin. A gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke cikin jami'ar ba a rasa masu wucewa, sai dai ba kowa nake ɗauka ba. Kankare launin toka ne, yana haɗiye mai baƙaƙen kaya. Mai farar shadda nake jira, ko mai jan mayafi, in danna daidai lokacin da ƙafafunsa suka buɗe cikin taku. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, kuma su fito ƙanana. In fuska ta cika hoton, ya zama nata, ginin ya tashi a banza. Mai babbar kyamara ya sa saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa don mai tafiya ya fito tar.

Da tsakar rana kam a haƙura, rana tana tsakar ka, inuwa ta taru a ƙarƙashin ido. Hantsi ko bayan la'asar ne inuwar mutum ke miƙewa a ƙasa, ta baranda kuma ta zana layuka a bango. Hazon hunturu yana kashe launin sama, to sai ka rage sama a hoton, ka ƙara ƙasa.

In fuska za ta fito, nemi izini tukuna, musamman mata da dattawa. "Baba, don Allah zan ɗauki ginin nan, za ka fito a ciki, ba damuwa?" Wanda ya ƙi, ka ba shi haƙuri ka sauke wayar. Ka gaisa da masu gadi, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. Bankuna da wajen barikin soja kuwa, bar wayarka a aljihu.