Darasi na 9: Sharaɗi a wajen malamai, a kotu da a takardar haya

Sharaɗi shi ne abin da wani abu ya rataya a kansa. Kowane fanni da yadda yake ɗaukarsa, kuma rashin sanin haka na jawo wa mutane asara.

Malaman fiƙihu sun raba shi biyu. Akwai sharaɗin wajabci, wanda sai ya cika abu yake hawa kan mutum. Zakkar tumaki ba ta wajaba sai sun kai 40 kuma shekara ta zagayo, sannan a fitar da guda ɗaya. Ta zinariya sai ya kai dinari 20, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Hatsi kuwa ba ya jiran shekara: in ya kai nisabi, da girbi ake fitar da ɗaya cikin goma na noman damina, ɗaya cikin ashirin na wanda aka sha wahalar ban ruwansa. Na biyu shi ne sharaɗin inganci, kamar alwala. Marar alwala salla na kansa, amma in ya yi ta a haka ba ta yi ba, sai ya sake.

A kotu, sharuɗɗan beli alkawari ne mai nauyi. Alƙali kan ambaci kuɗi, ya nemi mai tsayawa, wani lokaci ya karɓi fasfo. Nan ake yawan kuskure. Mutum ya sa hannu don zumunci, bai san cewa in wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa ranar zama, za a iya soke belin, a nemi kuɗin daga hannun mai tsayawa ba. Kada ka tsaya wa wanda ba ka san gidansa ba.

A takardar haya ko ta rance, nemi "idan", "muddin", "sai dai in". A bayansu sharaɗin yake. Ka tambaya: wa zai cika shi, zuwa yaushe, me zai biyo baya in bai cika ba? In ba ka gane ba, wanda ka amince da shi ya karanta maka kafin ka dangwala yatsa.

Aiki: ja layi a ƙarƙashin sharaɗin. "Muddin kuɗin haya bai shigo ba zuwa ƙarshen watan Maris, mai gida zai karɓi shagonsa."