Kafin ka ƙara wa kyamararka ido

Ɗan yayata ya same ni a rumfa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani dogon idon kyamara ne, 75-300mm, wai wani a Duwala zai sa masa shi a mota in ya tura kuɗi. "Kawu, in saya?" Na ce ya je gida ya kawo mini memorin kyamararsa tukuna. Abin da muka yi da shi a yammacin nan zan shimfiɗa, don ba shi kaɗai yake yi mini wannan tambaya ba. Abin da nake kira ido shi ne gilashin gaban kyamara da ake cirewa a sauya, wanda masu hoto a nan Garwa suke ce wa objektif, 'yan'uwanmu na Yola da Kano kuma su ce lens.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa. Amma tun 2016 nake riƙe da Nikon D3300, kuma kusan duk suna da biki da Sallah na gidanmu ni na ɗauka. Shi kuma yaron Canon 600D gare shi. Dukanmu da ido iri ɗaya muka fara, 18-55mm ɗin da ke zuwa tare da kyamara.

Fara da hotunanka, kada ka fara da kasuwa. Kowane hoto da kyamara ta ɗauka yana ɗauke da bayaninsa a ciki: a milimita nawa aka ɗauke shi (ƙaramar lamba tana ɗauko wuri mai faɗi, babba tana jawo abu mai nisa), buɗin ido nawa, ISO nawa (wato ƙarfin jin haske na kyamara). A kan kyamarar kana iya ganin wasu in ka danna maɓallin bayani lokacin da kake duba hoto, a kwamfuta kuma ka shiga bayanan fayil ɗin. Ɗauki hotuna ɗari biyu na baya-bayan nan, ka samu takarda ka yi layi uku: daga 18 zuwa 24, daga 25 zuwa 40, daga 41 zuwa 55. Kowane hoto ka ja masa sanda a layinsa. Aikin awa guda ne, kuma ba ya cin ko sisi.

Da muka yi wa ɗan yayata haka, sandunan suka cunkushe a layin farko da na biyu. Na ukun ko ashirin bai kai ba. Idon da yake shirin saya kuwa daga 75 yake farawa, wurin da hannunsa bai taɓa nema ba. Da a ce sandunan sun taru a 55, yana murɗa zum har ƙarshe yana jin bai isa ba, da maganar ta sauya.

Daga nan sai ka ware hotunan da suka ɓaci, waɗanda ka so su yi kyau ba su yi ba. A nan amsar take. Kowanne ka tambayi kanka me ya ɓata shi. Wasu hannu ne ya yi rawa. Wasu kyamara ta kama bangon baya ta bar fuskar mutum. Wasu an ɗauke su ne da tsakar rana, rana ta bugi goshi, idanu suka faɗa cikin inuwa. Waɗannan duka ba laifin ido ba ne, ko ka sayi wanda ya fi tsada haka za su sake fitowa. Waɗanda suka rage galibi iri biyu ne: duhu ya yi yawa, ko abin ya yi nisa.

Duhun shi ya fi damun mutane irinmu, don rayuwarmu a ɗaki take da zaure da bayan magariba. Lambar da ake rubutawa bayan harafin f ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon 18-55 yana buɗewa zuwa f/3.5 idan yana kan 18, amma da ka jawo zuwa 55 sai ya tsuke zuwa f/5.6. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Ga abin da hakan yake nufi a ɗakin mai jego: inda kyamara za ta ƙyafta a 1/15 na daƙiƙa, jariri ya motsa hannu hoton ya yi dishi-dishi, da f/1.8 za ta ƙyafta a wajen 1/150, hannun ya tsaya cak. Wannan bambanci ne na gaske, kuma idan hotunanka da suka ɓaci irin wannan ne, kana da dalilin saye.

Amma ka gwada abu uku da wanda ke hannunka kafin nan. Ɗaga ISO zuwa 1600, ko 3200 in ta kama. Hoton zai yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma gara tsakuwa da fuskar da ba a gane ta. Koma kan 18 ka matsa da ƙafarka, don a nan ƙofar ta fi buɗewa, sai dai kada ka matsa gaf da fuska, hanci yana kumbura. Sannan ka ɗaga labule, ka zaunar da mutumin yana fuskantar ƙofa, kai ka ba ta baya. Hotunan mahaifiyata da na fi so duka a bakin ƙofar ɗakinta na ɗauke su da hantsi, da wannan idon na farko.

Idan ka yi duk wannan duhu bai bar ka ba, to sai zaɓi. Kowa zai ce maka ka sayi 50mm f/1.8, don shi ne mafi araha cikin masu babbar ƙofa, kuma hotonsa garau yake. Gaskiya suka faɗa, sai dai akwai abin da ba sa ƙarawa. Kyamarori irin namu farantin da ke ɗaukar haske a cikinsu ƙarami ne, saboda haka ana ninka milimitar ido da 1.5 a Nikon, da 1.6 a Canon. Ke nan 50 ya zama kamar 75 ko 80. A tsakar gida, ka ɗauki mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, baya ya narke, babu kamarsa. A ɗaki mai mita uku ko huɗu kuwa za ka ja baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba.

Ni 50 ɗin na fara saya, na hannu, kuma na yi asara biyu a kansa. Mai sayarwa ya ce mini ai Nikon ne, zai hau. Ya hau ɗin, amma bai saita kansa ba, domin irin mai harafin D ne a ƙarshe, wanda ke buƙatar inji a cikin kyamara ya juya shi, kuma D3300 da 'yan'uwanta na jerin 3000 da 5000 ba su da wannan injin. Su sai ido mai rubutun AF-S, ko AF-P ga sababbin cikinsu. Ranar sunan 'yar ƙanwata na wuni ina murɗa shi da hannu a ɗaki mai duhu, ga shi kuma ya matse. Hotunan ranar kaɗan ne suka tsira, kuma rana ce da ba ta dawowa. Na sayar da shi, daga baya na sayi 35mm f/1.8 na DX, wato na masu ƙaramin faranti, wanda yake gani kusan yadda idon mutum yake gani. Shi ne a kan kyamarata yau, da wuya in cire shi.

Akwai gwajin da zai hana ka irin wannan. Murɗa zum ɗinka zuwa lambar da kake sha'awa, 24 ko 35 ko 50, ka liƙe shi da salatif, ka yi mako guda ba ka taɓa ba. Je da shi kasuwar Pitowa ran Lahadi, shiga da shi ɗaki, ɗauki yara suna cin abinci. In mako ya ƙare kana jin an ɗaure maka hannu, wannan lambar ba taka ba ce. In ka manta ma da salatif ɗin, ka samu amsa.

Sai dogon ido, wanda shi ne ya fi jan ran matasa. Na san dalili. Dawakin Lamiɗo ranar Sallah, 'yan wasan Coton Sport a filin Rumde Ajiya, dorina a kogin Binuwai, duk waɗannan 55 ba ya kai musu. Tambayar ita ce kwana nawa ne a shekara. Sallah biyu ce. Idan ba ka zuwa filin ƙwallo duk mako, ba ka kuma shirin zuwa gandun dajin Waza, to idon zai yi wata goma sha ɗaya a jaka. Ga shi ido ne na rana: a ƙarshensa f/5.6 ne, kuma a 300mm kana buƙatar ƙyaftawa ta 1/500 ko kusa da haka kafin rawar hannu ta ɓace. Irin 75-300 na Canon mai araha ba shi da abin rage rawar hannu, 55-250 mai rubutun IS shi ke da shi. Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin. Da hunturu, hazo yana tsakaninka da abin da ke nesa, dogon ido sai ya tattaro ƙurar duka ya zuba maka a hoto. A watan Maris da Afrilu kuma iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana sa abu mai nisa ya yi kamar yana cikin ruwa. Shawarata ga mai son dawaki: ka aro na kwana ɗaya wurin aboki, ko ka yi haya wurin mai situdiyo, ka ga abin da zai ba ka.

Ka kuma lissafa abin da ba kuɗi ba. Duk cire ido buɗe cikin kyamara ne, kuma ƙurar Disamba ba ta jira. Ɗigo-ɗigon da ke fitowa a sararin sama cikin hoto daga nan suke. Mai ido biyu dole ya koyi sauyawa a cikin ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Jaka kuma tana ƙara nauyi, har wata rana ka bar ta a gida ka ce waya ta isa.

In ka yanke shawarar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da kyamararka, ka ɗaura idon, ka ɗauki hoto kusa da nesa, ka ji yana saita kansa ba tare da kuka ko tsayawa ba. Ga masu Canon na madubi, EF da EF-S duka suna hawa irin 600D, amma RF na sababbin kyamarori marasa madubi ba ya hawa. Cire shi ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne zare-zare fari kamar saƙar gizo, wato funfuna, wadda take yawan kama kayan da suka zauna a wuri mai laima irin Duwala. Ta kan ci fatar gilashin, kuma mai gyaranta a nan da wuyar samu. Ɗauki hoton bangon bulo, ƙofar idon a buɗe duka, ka duba kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, idon ya taɓa faɗuwa. Sai komai ya gamsar da kai ka biya, hannu da hannu. In daga nesa ne, ka samu wanda ka yarda da shi ya yi maka wannan dubawar kafin kuɗi su motsa.

Ɗan yayata ya liƙe zum ɗinsa a 24 ya tafi. Bayan mako ya dawo yana tambayar 24mm f/2.8 na Canon, ɗan siririn nan. Na gaya masa gaskiya, haskensa ninki biyu kawai ya fi na wanda yake da shi a wannan lambar, ribarsa ta fi yawa wajen rashin nauyi. Ya yi shiru, sannan ya ce ai tun da ya ɗaga ISO ya fara zaunar da mutane a bakin ƙofa, hotunan ɗakin sun gyaru. Ya sayi batir na biyu, ya wanke hotunan kakarsa guda goma sha biyu ya kai mata. Sauran kuɗin suna wurina ajiya. Mun yi da wani abokina zai ara masa 55-250 ranar hawan Babbar Sallah, washegari kuma zai kawo memorin rumfa mu zauna mu ƙirga.