Yadda na dawo da Wi-Fi bayan na ɗora Linux Mint

Da wa'adin tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na ɗora Linux Mint, wata manhajar sarrafa kwamfuta da ake amfani da ita a madadin Windows, a kan tsohuwar kwamfutar da nake buga wa ɗalibai takardu da ita a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Ɗorawar daga filashi ba ta ba ni wahala ba, amma da na sake kunna kwamfutar, ko alamar Wi-Fi babu.

Na buɗe Terminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta lspci, umarnin da ke jero na'urorin da ke cikinta, nan take ya nuna cewa katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne, wanda sai an ɗora masa direbansa daban, wato manhajar da ke sa shi aiki. Abin dariyar shi ne, sai da intanet ake sauko da abin da zai kawo intanet. Saboda haka na jona wayata da kebul, na raba wa kwamfutar data ta USB, sannan na zaɓi direban a cikin Driver Manager, wurin ɗora direbobi a Linux Mint.

Duk da haka shiru kake ji. Ashe Secure Boot, wani tsarin tsaro da ke tantance manhajoji yayin kunna kwamfuta, shi ne ya hana direban tashi, domin ba ya ɗauke da sa hannun da tsarin ya amince da shi. Na shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga tun farkon kunna kwamfuta, na kashe Secure Boot, kuma kafin a kira sallar la'asar sunayen Wi-Fi na maƙwabta suka jeru a allo.