Yadda ake gyaran tiyon ban ruwa idan ya fashe

A Kano rana ta fi aiki kashe tiyo. A bar shi yashe a kan siminti daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Ragowar ɓarnar kuwa ta tayar mota ce a bakin get, da lanƙwasa shi a wuri ɗaya kullum.

Fara da nemo ɓular. Kunna famfo, ka toshe bakin tiyon da babban yatsa, wani ya bi shi yana ɗaura tsumma duk inda ruwa ke tsartuwa.

Idan ɓular ba ta wuce ta tsinin ƙusa ba, robar cikin tayar keke ta wadatar. Yanko ta da faɗin santimita 2, tsawon kamar rabin mita. Kashe ruwa, ka goge wurin ya bushe ƙayau, ka fara naɗi daga santimita 5 kafin ɓular, kana jan robar da ƙarfi, kowane zagaye yana hawa rabin na baya, har ka wuce ta. Wannan na riƙe ruwan da ke gangarowa daga tanki. Wanda injin bohal ke turowa kai tsaye kuwa, kwana kaɗan zai nemi hanya ta ƙarƙashi. Salatif da leda ɓata lokaci ne.

Tsagewa babba ba ta da magani sai yanka. Cire wurin da wuƙa mai kaifi, ka haɗa da santimita 3 na lafiyayyar roba ta kowane gefe, domin tsagar kan yi nisa ta ciki fiye da abin da ido ke gani. Yankan ya zama a miƙe, ba a karkace ba. Kada ka yar da guntun: tafi da shi wajen masu kayan famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa, saboda faɗin ciki ake aunawa, kuma rabin inci, 5/8 da 3/4 suna ruɗar ido. Sayi joyin mai gaɓa-gaɓa guda ɗaya, wato ɗan bututun da ke haɗa bakin tiyo biyu, da kilif biyu, wato zoben ƙarfen da ake matse tiyo da shi. Joyin na tagulla ya fi tsada, amma rana ba ta cin sa kamar na roba.

Zura kilif ɗin a jikin tiyon tukuna. Nan ake yawan mantuwa. Tsoma bakunan biyu a ruwan zafi minti 2 su yi laushi, ka shafa ɗan sabulu, ka tura joyin har tsakiyarsa ta kowane ɓangare. Ban da baƙin mai ko giris, suna lalata roba. Ɗaure kilif kamar santimita 1 daga baki, a kan gaɓoɓin, da sukundireba, har sai tiyon ya ƙi juyawa a hannu. Ka wuce haka, kilif zai yanke robar. Waya ma haka take yi, shi ya sa ba ma son ɗauri da ita. Idan ya ɗiga bayan an kunna ruwa, ƙara rabin juyi.

Yoyo a bakin famfo yawanci zoben robar da ke cikin mahaɗin ne ya mutu, sai a canza shi.

Kafin ka kashe kuɗi, lanƙwasa tiyon a wurare uku ko huɗu. Idan ko'ina ya buɗe kamar faso a diddige lokacin hunturu, robar ta gama. Yanki ɓangaren da ke da sauran rai ka bar shi don cika jarka, ka riƙa naɗe sabon a inuwa bayan ka tsiyaye ruwan ciki.