Mayar da kujerar bayan mota gadon kwana

'Yan'uwa masu bas ƙirar Hiace da ke kwana a hanya in sun tashi daga Katsina, ku fara da kwantar da kujerar baya ku auna tsawonta, domin babban mutum yana bukatar kusan santimita 180 kafin ya miƙe ƙafa. Abin da ke hana barci shi ne ramin da ke tsakanin mazauni da majingina, saboda haka a sa kafinta ya yanko falanki mai kaurin milimita 12, gida biyu masu naɗewa, a ɗora katifar soso mai tauri. Mai laushi, a ganina, asarar kuɗi ce. Kada a kwance ƙusoshin bel ɗin kujera, kuma kada a kwana injin yana aiki, hayaƙinsa yana kisa.