Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urar tuƙa jirgin ruwa da pypilot

Mai ƙaramin jirgi a Bur Sudan ko Suwakin zai iya haɗa na'urar da za ta riƙe masa hanya a Bahar Maliya, da kwamfutar Raspberry Pi da manhajar pypilot ta kyauta wadda Sean D'Epagnier ya ƙirƙira. Sai dai idan jirgi ya fara karkata, akasari manhajar ake zargi, alhali laifin yana wurin haɗi.

Babban kuskure shi ne wurin da aka ɗaura kamfas. Ƙaramin guntun da ke auna maganaɗisun ƙasa ba ya bambanta shi da na inji ko lasifika ko wayar batir mai ɗauke da wuta, saboda haka duk abin da ke kusa da shi zai ja shi ya ba da alkiblar ƙarya. A nisanta shi da ƙarfe, a ɗaure shi sosai a wurin da ba ya jijjiga, a saita daidaitonsa lokacin da jirgi yake zaune a ruwa mai kwanciya, sannan a zagaya da jirgin a hankali har manhajar ta gama koyon kowace kusurwa. Wanda ya matsar da kamfas ko da kaɗan ne, wajibi ne ya sake wannan aiki daga farko, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin kasala.

Sai batun wuta. Motar lantarkin da ke juya daffa, wato abin da ake karkata jirgi da shi, tana jan wuta da ƙarfi, kuma siririyar waya kan sa volt 12 ya faɗi har kwamfutar ta mutu a tsakiyar tafiya. A sa waya mai kauri da fiyus, a kuma rufe kayan a akwatin da ruwa ba ya shiga, domin gishirin wannan teku ya kai kusan giram 40 a lita.

Wasu kuma suna ƙara ma'aunin P na manhajar da yawa, wato ƙarfin da take juya daffa da shi gwargwadon yadda jirgi ya kauce hanya, sai jirgi ya riƙa lilo dama da hagu; a rage shi, a ƙara ma'aunin D, wanda ke danne lilon, kaɗan kaɗan, ana canza abu ɗaya a lokaci guda.

Na'urar ba ta ganin duwatsun murjani irin na Sanganeb da ke cikin teku kusa da Bur Sudan. Kafin a bar tasha, a tabbatar ana iya cire ta daga daffa da hannu ɗaya, kuma kada matuƙi ya bar wurinsa.